Kalmar "Alkali": Ma'anarta da Asalinta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya yakan ci karo da kalmar Ingilishi "alkali", sai ya ɗauka alƙalin kotu ake nufi. Wajibi ne malamin Hausa ya iya warware wannan ruɗani, domin duk da cewa kalmomin biyu daga Larabci suka fito, tushensu ba ɗaya ba ne.

1.1 Ma'ana

A kimiyyar sinadarai, alkali na nufin sinadarin da ke narkewa a ruwa, ya yi santsi a hannu, ya kuma kashe kaifin asid, wato sinadari mai tsami. Yakan mayar da jar takardar litmos shuɗiya, kuma a ma'aunin pH yana sama da 7.

1.2 Asali

Tushen kalmar shi ne "al-ƙalyu", sunan da Larabawa suka ba tokar wasu tsirrai masu fitowa a ƙasa mai gishiri, wadda ake haɗa sabulu da gilashi da ita. Daga littattafan Larabawa ta shiga Latin, ta isa Ingilishi a ƙarni na 14. A shekarar 1807, Humphry Davy na Ingila ya fitar da sinadarin fotasiyam daga abin da ake samu a ruwan toka. Harafin K da ke wakiltar wannan sinadari daga "kalium" aka ɗauko shi, ita ma daga wannan tushe na Larabci.

Ita kuwa "alƙali" ta Hausa, daga "al-ƙadi" ta samu. Harafin Larabci "lodi" da ke cikinta ne ya koma /l/ a bakin Bahaushe, kamar yadda ya faru a "alwala" da "larura" da "farilla".

1.3 Dangantaka da Rayuwar Bahaushe

Abin da kalmar ke nufi ba baƙo ba ne. A Katuru da sauran garuruwan Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda, mata kan tace tokar karan dawa ko gero su zuba ruwanta a miya. Da toka ake haɗa sabulun salo, kuma marina na zuba ta a rini. Ruwan toka da na kanwa duk alkali ne.

1.4 Kammalawa

Malamin da ya faro darasinsa daga tokar murhu zai sa ɗalibi ya gane cewa sunan ne kawai baƙo gare shi.

Auna Fahimta

1. A bambance tushen "alkali" da na "alƙali".
2. A kawo sana'o'in Hausawa biyu da ake amfani da toka a cikinsu.