Darasin Mako: Kan Jirgin Ƙasa, Daga Ƙauran Namoda Zuwa Gidajen Tarihin Jamus

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako ya shafi kan jirgin ƙasa, wato injin nan da ke gaba yana jan taragu. Layin dogo bai zo Mafara ba, bai zo Bakura ko Maradun ba, shi ya sa da yawanmu a nan Birnin Tudu sai a hoto muke ganin jirgi. Amma jiharmu tana da nata dogon. Ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Saboda kaya aka shimfiɗa shi. Gyaɗa da auduga da fatu da kakanninmu suka riƙa kai wa kanti a kan jakai da raƙuma, ta wannan hanya suka gangara har bakin teku.

Kawunan jirgin wancan zamani na tururi ne. A zuba kwal a murhu, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya tura sanduna, sanduna su juya ƙafafu. Matsalarsa ita ce duk inda za shi sai ya ɗauki abincinsa, ga kwal ga ruwa. Kwal ɗin kuwa daga Inugu ake haƙo shi. Ku duba taswira ku ga nisan Inugu da Ƙaura, za ku gane cewa wani kaso na wahalar jirgin a kan jigilar abincin kansa yake ƙarewa.

A lokacin da ake shimfiɗa dogon Ƙaura, Jamusawa sun riga sun yi shekaru suna jan kaya da wata dabara dabam: a bar wutar a wuri ɗaya, a aika wa jirgi ƙarfinta ta waya. A 1879 Werner von Siemens ya nuna wani ɗan ƙaramin kan jirgi mai aiki da lantarki a bikin baje koli na birnin Balin. Direba a kansa yake zama kamar mai hawan jaki, yana jan taragu uku masu benci a kan dogon da ya zagaya kimanin mita 300. Wutarsa bolt 150 ce, tana zuwa ta wani ƙarfe na uku da aka shimfiɗa a tsakiyar dogon. Abin kallo ne, amma shekara uku bayan nan, a 1882, kamfaninsa ya ƙera wani da ya shiga ramin haƙar kwal na Zauckerode yana jawo kaya, ya kuma yi aiki har 1927.

To, a nan ne darasin Fiziks ya shigo, kuma muna roƙon 'yan aji biyar da aji shida su karanta a tsanake. Mun san cewa ƙarfin lantarki shi ne bolt sau amfiya. A ce kan jirgi yana bukatar kilowat 600, wato wat 600,000. Idan da bolt 150 za a ba shi, sai wayar ta ɗauki amfiya 4,000. Idan kuwa da bolt 15,000 ne, amfiya 40 ta wadatar. Wutar da ke ɓacewa a waya ta zama zafi tana ƙaruwa ne da amfiya sau amfiya. Ke nan idan ka rage amfiya ninki 100, ka rage asara ninki 10,000. Wannan ne ya sa bolt 150 ta isa zagayen baje koli, amma ba za ta kai jirgin kaya daga gari zuwa gari ba.

Saboda haka a 1912 hukumomin dogo na yankunan Jamus suka amince da ma'auni ɗaya: bolt 15,000 a wayar sama, da wuta mai kai-komo sau 16⅔ a daƙiƙa. A cikin jirgin akwai taransifoma da ke sauko da wutar kafin ta shiga injin. Me ya kawo wannan lamba mai gutsure? Wutar gidajenmu tana kai-komo sau 50 ne, to injunan jirgi na lokacin tartsatsi suke yi idan aka ba su irinta, sai aka ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Raba 50 gida uku ku gani.

Cikin kawunan jirgin kaya na farko da aka ƙera a kan wannan ma'auni akwai wanda daga baya aka sa wa suna E 71. Kamfanin AEG ya fara fitar da su a 1914, an yi guda 27, gudunsu na asali kilomita 50 a awa. Ba gudu ake nema a wurinsu ba, ja ake nema. Tashar da ke ba su wuta a Muldenstein wani kwal mai araha take ƙonawa, mai laima, wanda bai dace da murhun jirgin tururi ba. A ganinmu nan ne hikimar take: abin da bai yi wa jirgi amfani a cikinsa ba, ya yi masa daga nesa. Sai dai dabarar tana da lagonta. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, aka dakatar da aikin, aka kwance wayoyin don a yi kayan yaƙi da jan ƙarfensu, sai bayan yaƙi aka mayar. Mu da muka san yadda unguwa ke kwana cikin duhu idan aka sace waya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Uku daga cikin E 71 suna nan har yau. Ɗaya yana gidan tarihin fasaha na Balin, ɗaya a gidan tarihin sufuri na Dresden, ɗaya a hannun gidan tarihin kamfanin dogo na Jamus. Ɗan ƙaramin na Siemens yana Munik. Ɗalibi a can zai iya tsayawa gaban injin ya ga da idonsa abin da mu muke zanawa a allo.

Mu ma ba a rasa komai ba. A gidan tarihi na Jos akwai kawunan jirgin tururi na ƙaramin dogon da ya haɗa Zariya da Jos don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas akwai gidan Jaekel, inda aka tara hotuna da kayan aikin dogo. Amma abin da ya rage a tsofaffin tashoshi yana cikin haɗari, domin ga mai sayen gwangwan tsohon ƙarfe kilo ne kawai, kuma an sha kama masu kwance ƙarafan dogo a Arewa. Wanda ke da kaka ko kawu da ya yi aikin dogo, ko ya taɓa kai gyaɗa tashar Gusau, ya zauna da shi ya rubuto mana abin da ya ji, za mu manna a wannan bango.

Har yau jiragen kaya na ƙasar nan dizal suke sha, ko da yake a cikin yawancinsu injin dizal janareta yake juyawa, lantarki ne ke juya ƙafafun. Jirgin fasinja na Blue Line da ya fara aiki a Legas a 2023 kuwa ta ƙarfe na uku yake shan wuta, dabarar 1879.

Ga aikin gida. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, an tsara mata tashar lantarki mai megawat 3. Idan tana ba da wannan wuta cif, kawunan jirgi nawa masu kilowat 600 za ta iya ciyarwa a lokaci ɗaya, kuma amfiya nawa za su ja gaba ɗaya a kan bolt 15,000? A miƙa amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis, da suna da aji.