Hanyar Zama Likitan Borin Jini



Idan hunturu ya shigo Garu, ƙura na tayar wa wasu da asma har numfashi ya gagara. Wani kuma gyaɗa kawai zai ci, ko zuma ta harbe shi, sai jiki ya kumbura. Wannan shi ne borin jini, wato alaji: garkuwar jiki ce ke yaƙar abin da ba ya cutar da sauran mutane. Idan ya yi tsanani yana iya kisa, sai an yi saurin yin allurar adirenalin. Tun sama da shekara 1,000 da suka wuce, Abubakar Ar-Razi ya yi rubutu a kan murar da ke kama mutane lokacin furen wardi.

To, yaya ake zama likitan wannan ciwo a Ghana?

Na farko, bayan BECE sai ka zaɓi fannin kimiyya a SHS. Shekara 3 ne, da Bayoloji, Kemistiri, Fiziks da Lissafi. Dole sakamakon WASSCE ya yi kyau sosai, don masu nema suna da yawa.

Na biyu, makarantar likitanci, shekara 6. Akwai UDS a Tamale, da KNUST a Kumasi, da Jami'ar Ghana a Korle Bu.

Na uku, shekara 2 na aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, kafin hukumar likitoci ta ba ka cikakkiyar rajista.

Na huɗu, ƙwarewa a fannin yara ko cututtukan manya, kamar shekara 3, a Kwalejin Likitoci ta Ghana ko ta Afirka ta Yamma.

Na biyar, horo a kan borin jini kansa, kamar shekara 2. Ana yin sa a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, da Ingila da Amurka. A nan ake koyon gwajin fata: a ɗiga abin da ake zargi a hannu, a ɗan tsaga, a jira minti 15 a ga ko wurin zai kumbura.

Jimla kusan shekara 16 ke nan. Da nisa, amma malamanmu sun karantar da mu cewa likitanci farilla ce ta kifaya. Ƙannena 'yan JHS, ku riƙe allo, ku riƙe lissafi, don ranar cike takardar zaɓen makaranta ake buɗe ƙofar nan.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.