Darasi na Bakwai: Zaɓen Masauki a Lokacin Ziyarar Nazari, Birnin Kebbi ko Argungu?

7.1 Gabatarwa

Duk matafiyin da ya nufi wani wuri don yawon buɗe ido ko nazari, tambayar farko da ke gabansa ita ce inda zai sauke kayansa. Masu zuwa hutu ƙasar Italiya sukan yi ta auna ko su sauka a birnin Fulorensa ko a ƙauyukan Tuskani da ke kewaye da shi. Irin wannan zaɓi ne ke gaban ɗalibin Hausa da aka tura nazarin bikin kamun kifi na Argungu: ya sauka a Birnin Kebbi ko a Argungu? Amsar da ya bayar tana iya gyara bincikensa ko ta ɓata shi.

7.2 Birnin Kebbi

Birnin Kebbi shi ne babban birnin Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, kuma a nan fadar Sarkin Gwandu take. Akwai otal-otal da bankuna da ofisoshin gwamnati, ga filin jirgin sama a Ambursa. Tazararsa da Argungu kimanin kilomita 50 ce, saboda haka ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya. Sai dai mai yin haka yakan isa bayan rana ta ɗaga, ya baro kafin magariba. Hirar dare da shirin asuba na masunta duk sukan wuce shi.

7.3 Argungu

Argungu ita ce mazaunin Sarkin Kabi, magajin daular da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16. An fara bikin a sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, alamar ƙarshen gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Wanda ya kwana a garin zai iya zuwa kogin Matan Fada da ƙafa, ya ga homa da gora a hannun masu su, ya tattauna da mutanen Sarkin Ruwa, ya kuma shiga Gidan Tarihi na Kanta. Illarsa ita ce ƙarancin masauki da cunkoso idan biki ya kankama.

7.4 Ma'aunin Zaɓe

Manufar tafiya ita ce ma'auni. Mai son kallon gasar kawai, Birnin Kebbi ta wadace shi. Amma mai nazarin harshe da al'ada, Argungu ce wurinsa. Dalili kuwa, birni matattara ce ta baƙi da ma'aikata, inda karin harshen gida yakan gauraya da Daidaitacciyar Hausa. A bakin kogi ne ɗalibi zai fi jin siffofin karin yamma ba tare da an gyara masa su ba, kamar "shina" a madadin "yana", da "hwari" a madadin "fari", da "ɗiya" a madadin "'ya". Haka kuma ya kamata ya isa kwanaki kafin biki, domin ranar gasa garin kansa yakan cika da baƙi, har ya kasa bambance ɗan gari da ɗan kallo.

7.5 Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Jin daɗin kwana yana birni, amma abin da aka je nema yana bakin ruwa.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Kawo fa'ida biyu da illa ɗaya ta kowane masauki.
2. Me ya sa ranar gasa ba ta dace da tattara bayanan karin harshe ba?
3. Rubuta insha'i na shafi ɗaya kan irin wannan zaɓi a yankinku.