Atisayen Yatsu Ko Waƙa: Wanne Mai Koyon Fiyano Zai Riƙe?

A hutun da ya wuce na je gida Tudun Wada, na tarar da ƙannena biyu suna musu a kan fiyano ɗaya, Yamaha mai maɓallai 61 da suka yi karo-karo suka saya na hannu. Babban wata takwas yana atisayen yatsu da ya samo a YouTube. Yatsunsa gudu suke kamar me, amma ka ce ya raka mai waƙa, sai ya yi tsuru-tsuru. Ƙaramin kuwa da kunne ya koya, har ana ɗaukarsa biki a Kiru da Kwanar Ɗangora. Sai dai a wuri ɗaya ya iya kiɗa, in muryar mawaƙi ba ta dace ba sai ya danna maɓallin ɗaga sauti ko saukar da shi. Ranar da aka ba shi fiyanon aro a wani biki a Tiga, ya nemi maɓallin nan ya rasa, mawaƙi ya ɗauko waƙa, shi kuma ya tsaya cak a gaban jama'a. Kuɗin ranar dai bai shiga aljihunsa ba.

Musun nan ya girme su. A 1873 wani Bafaranshe mai suna Hanon ya fitar da littafin atisaye guda 60, wanda har yau malaman fiyano ke ba ɗalibai. Na farko-farkon duk a kan fararen maɓallai suke, hannu biyu suna yin abu iri ɗaya, su hau su sauko. Manufarsa ita ce yatsun da ba su da ƙarfi, wato ɗan ƙarami da na kusa da shi, su kamo sauran. Wasu malaman sun rantse da littafin, wasu kuma suna cewa ɓata lokaci ne.

Gaskiya atisaye yana da amfaninsa. Yana koya wa hannu inda kowane sauti yake ba sai ido ya duba ba, yana daidaita bugu, yana tayar da hannun hagu wanda yawancinmu muka bar wa inji aikinsa. Da ƙaramin ƙanena ya saba hawa da sauka daga kowane maɓalli, da bai ji kunya a Tiga ba.

Amma akwai abin da littafin Hanon ba zai ba ka ba. An tsara shi ne don kiɗan Turai mai sauti bakwai, do-re-mi ɗin nan. Waƙoƙinmu da yawa kuwa a kan sauti biyar suke tafiya. Gwada da kanka: danna baƙaƙen maɓallai kaɗai, za ka ji abin ya yi kama da gida. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti, kiɗa yana bin hawa da saukar magana, shi ya sa mai kalangu yake matse tsarkiya yana sakinta har gangar ta yi kamar tana magana. Ba littafin da zai koya maka inda mawaƙi zai ja numfashi, ko inda 'yan amshi za su shigo. Wannan sai a cikin waƙa.

To ina mafita? Mu 'yan kwalejin fasaha mun san amsar, don kullum muna ganinta a wakshop. Ana ba ka guntun ƙarfe ka yi ta jan walda a kai har layinka ya miƙe, amma ba wanda zai kira ka mai walda sai ka haɗa ƙofa ta tsaya. Haka ɗan makaɗi: ƙaramar ganga ake fara ba shi ya riƙe bugu ɗaya, amma a bayan mahaifinsa yake bugawa, a tsakiyar biki. Atisayensa da aikinsa a haɗe suke. Turawan ma sun gano haka. A 1833 Shopan, mutumin Foland, ya fitar da kaɗe-kaɗe goma sha biyu, kowanne yana horar da hannu a kan wata matsala guda, kuma daɗinsu ya sa har yau ana kaɗa su a manyan zaurukan kiɗa.

Ke nan atisayen da ya fi amfani shi ne wanda ka ciro daga waƙar da kake koyo. In kana da awa ɗaya, wuta ko fetur suka ba ka dama, raba ta haka:

Minti 10: hawa da sauka a kan sauti biyar da sauti bakwai, hannu biyu, kowace rana daga maɓalli daban.

Minti 20: nemo wurin da kake tuntuɓe a waƙar, ko da sauti shida ne. Ware shi, kaɗa shi a hankali, dama daban, hagu daban, sannan a haɗe. Kunna bugun da ke cikin fiyanon ya riƙe maka lokaci. Kada ka ƙara sauri sai ya fita sau biyar a jere ba kuskure.

Minti 20: waƙar daga farko har ƙarshe, ba tsayawa ko ka yi kuskure. In da hali, wani ya rera kana bin sa.

Minti 10: waƙar dai, amma daga wani maɓallin, ba tare da taimakon inji ba.

Abu ɗaya kuma: in wuyan hannunka ya fara ciwo, tsaya. Ciwo alama ce ta ka ƙanƙame hannu, ci gaba da bugu kuwa sai ya jawo maka jinya.

Kafin in dawo makaranta na ce ƙannen nan su yi musaya: babban ya koyi waƙa ɗaya a wurin ƙaramin, ƙaramin ya karɓi atisayen hannun hagu a wurin babban. Kai ma da kake kiɗa a ɗakin kwanan ɗalibai, duba ka gani a cikin su biyun wanne ne kai, sai ka fara daga abin da ka daɗe kana gudu.