Yadda Ake Gina Tsafi a Labarin Almara

Yawancin masu fara rubuta labarin matsafa da aljanu suna soma da tambayar abin da tsafin zai iya yi. Ni kuwa shawarata ka soma da abin da ba zai iya ba, domin in jarumi yana da layar da ke buɗe kowace ƙofa, mai karatu ba zai taɓa jin tsoro a kansa ba.

Kafin ka rubuta babi na ɗaya, ware takarda guda ka amsa wannan: daga ina ƙarfin yake fitowa, kuma yaushe yake ƙarewa? Brandon Sanderson, marubucin Amurka, ya yi haka a littafinsa Mistborn na 2006. Masu sihirinsa haɗiye ɓarɓashin ƙarafa suke yi su ƙona a cikinsu, kowane da aikinsa: kuza tana kaifafa ji da gani, baƙin ƙarfe yana jawo ƙarafan da ke kusa. Da zarar abin da mutum ya haɗiye ya ƙare, ya koma kamar kowa. Shi ya sa ana tsakiyar faɗa mai karatu yana lissafin saura nawa.

Daga nan sai farashi. A labarin zane na Fullmetal Alchemist, wanda Hiromu Arakawa ta fara a Jafan a 2001, yara biyu sun yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙanen ya rasa gangar jikinsa baki ɗaya, uwar kuma ba ta dawo ba. Duk tafiyar labarin daga wannan asara ta taso. Kai ma ka yanke abin da matsafinka zai biya: jini, shekarun rayuwa, ko mance fuskar wanda yake so.

Sai makari. A nan Bahaushe ba ya buƙatar aro, don tun a tatsuniya mun san boka ba ya ba da asiri sai da sharaɗi. Kada ka waiwaya, kada ka ci abu kaza, kada laya ta taɓa ruwa. Rubuta sharaɗin, ka sanar da shi tun farkon labari, sannan ka kai jaruminka inda dole ya zaɓa tsakanin kiyaye shi da ceton wani. Wannan wurin ya fi duk wani yaƙi riƙe mai karatu.

Ba dole ne a bayyana komai ba. Marubuci Tolkien bai taɓa faɗa mana iyakar ikon mai sihirinsa Gandalf ba, amma bai bar shi ya kammala babban aikin labarin da sihiri ba. Jarumin labarin, Frodo, shi ne ya taka da ƙafa har ƙasar Mordor. Sanderson ya tsara wannan a wata maƙala a 2007: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihiri, gwargwadon haka kake da ikon warware matsala da shi.

Yanzu ka duba ta ina labarin zai isa ga mutane, don tsafin da ya dace da takarda ba lallai ya dace da allo ba. Ursula Le Guin ta gina A Wizard of Earthsea na 1968 a kan sanin ainihin sunan abu, wanda aiki ne na tunani da furuci, littafi kuwa yana shiga zuci. Fim yana son abin da ido zai gani. Masu shirya Avatar: The Last Airbender a 2005 sun ɗauko salon motsi daga dabarun faɗa na Sin, har mai sarrafa ruwa ya bambanta da mai wuta tun daga tsayuwarsa. In kuwa karanta littafinka za a yi a rediyo ko YouTube, ka tuna mai sauraro ba ya komawa shafin baya. Rage dokokin zuwa biyu ko uku, ka ba su sunaye masu sauƙin riƙewa, ka maimaita su ta bakin taurarin labarin.

In ka gama rubutun farko, ba wani mai yawan tambaya ya karanta. Duk inda ya ce, "To me ya hana shi ɓacewa a nan kamar yadda ya yi a babi na 3?" sa alama. Ko dai ka ƙirƙiri dalilin da ya hana, ka dasa shi tun baya, ko ka cire wannan ikon daga labarin gaba ɗaya.