Kacalla a Fadamar Haɗeja: Darasi Daga Tsibiran Teku

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A duniyar tsirrai da dabbobi wannan magana takan juya, domin akwai baƙon da idan ya sauka ba ya tashi, har ya kori ɗan gari. Masana ilimin halittu suna kiran irinsa mamayau: halittar da ta yaɗu a wuri ba tare da wani abu mai taka mata birki ba, ta danne sauran.

Darasin tsibirai

A tsibirai aka fi ganin wannan ɓarna. Dabbar tsibiri ta daɗe a keɓe, ba ta san maƙiyi ba, kuma idan ya zo ba ta da wurin gudu. A tsibirin Morishas da ke Tekun Indiya an yi wani tsuntsu marar tashi da Turawa suka kira dodo, ko da yake ba abin tsoro ba ne. Mutanen Holan sun sauka a can a 1598, jiragen ruwa suka shigo da ɓeraye da aladu masu cin ƙwansa, kuma kafin shekara ɗari ya ƙare ƙaƙaf. Haka a tsibirin Guwam na Tekun Pasifik, wani macijin bishiya ya shiga cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa shekarun 1980 ya cinye mafi yawan tsuntsayen dajin wurin.

Tsibirin da ke Jigawa

Jigawa ba ta da teku, amma tsibiri a wajen masana ya haɗa da duk wani muhalli da ya bambanta da abin da ke kewaye da shi. Fadamar Haɗeja da Nguru, arewa maso gabas da Dutse, ruwa ce a tsakiyar busasshiyar ƙasa. Tarwaɗa da karfasa da dinya da zalɓe ba su da wata mafaka irinta a kusa. Tsuntsayen Turai ma, bayan sun ƙetare Hamadar Sahara, nan suke sauka su yi hunturu. Saboda haka aka sanya Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na Yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka ƙara da gandun tsuntsaye na Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a 2008.

Mamayau ɗin wannan tsibiri ita ce kacalla, doguwar ciyawar ruwa mai kai kamar zangarniyar gero, wadda takan fi mutum tsawo. Sai dai ita ba jirgi ne ya kawo ta ba. 'Yar Afirka ce. Tambayar da ta kamata ɗalibi ya yi ita ce: me ya hana ta mamaya a da, me kuma ya sake ta daga baya?

Amsar tana cikin tafiyar ruwa. A da Kogin Haɗeja yakan cika ya malale da damina, ya janye da rani har ƙasa ta tsage. Kacalla tana son ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye, don haka rani ne maƙiyinta. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, sai aka riƙa sako ruwa har da rani domin noman ban-ruwa a Kadawa da kwarin Haɗeja. Manoma sun amfana ƙwarai, amma kogi ya daina bushewa, kacalla ta rabu da maƙiyinta. Tana yaɗuwa ta hanya biyu: kai guda yana fitar da dubban 'ya'ya da iska ke ɗauka, saiwoyinta kuma suna rarrafe a cikin laka suna tsiro.

Illolinta

Idan ta cika hanyar ruwa sai gudunsa ya ragu, laka ta kwanta, kogi ya toshe. Daga nan ruwa yakan fasa zuwa inda ba a bukatarsa, ya ci gonaki a yankunan Miga da Auyo da Guri, wasu wuraren kuma su rasa ko ɗigo. Masunci ba ya samun wurin tura kwalekwale ko jefa birgi. Agwagin ruwa suna rasa fili, yayin da tsuntsun jan-baki, mai cinye shinkafa da gero, ya sami maɓoya. Sauro da katantanwa mai ɗauke da cutar tsargiya su ma suna hayayyafa a gindinta.

Hanyoyin magancewa

Ƙone kacalla ba ya kashe ta, domin saiwar tana nan. Amma a cikin ganyenta akwai ƙananan ramuka masu kai iska zuwa saiwa; idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar takan shaƙe ta mutu. A kwarin Kogin Sanagal, inda ta mamaye bayan gina madatsar Diyama a 1986, an koyi mayar da ita gawayin girki, abin da ke sa yankanta ya zama sana'a. Duk da haka yanka da yashe kogi suna maganin alama ne kawai. Tushen magani shi ne tsara sakin ruwan madatsun ta yadda wasu rassan kogin za su sami watannin bushewa, kuma wannan yana bukatar yarjejeniya tsakanin Kano da Jigawa da Yobe da hukumar kula da kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke riƙe da madatsun.

A Guwam maƙiyi ne ya shigo, a Haɗeja kuwa mai gadi ne ya fita, amma sakamakon ɗaya ne. Don haka kafin a tare kogi ko a shigo da wata halitta, wajibi ne a fara gano abin da ke riƙe da daidaiton wurin.