Ɗana, Kafin Ka Sa Zarto a Ƙarfen Nan

Ɗana, na ji kana tara faranti da magagari, za ka ƙera jitar lantarki mai jikin ƙarfe da hannunka. Allah ya yi albarka. Hanyar da ka ɗauka tsohuwa ce. Jitar da George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar kasuwa a Amurka a 1932, wadda ake ƙirgawa farkon jitar lantarki, zubin alminiyom ce, irin zubin da ake yi wa tukwane a kasuwanninmu. Ƙarancin kayan aiki kuma kada ya karya maka gwiwa, Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, da itace da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko.

Abin da nake ji maka shi ne ɗokin ƙyalli. Yaro yakan fara da tunanin yadda za ta haska, alhali awo ne ke sa ta yi magana daidai. Ka fara yanke tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki. Na jitar kamfanin Fender milimita 648 ne, na kamfanin Gibson kimanin 628. Ka raba tsawon da 17.817, abin da ya fito nan ne gurbin matakin farko, sai ka sake raba ragowar, haka har ƙarshe. Mataki na 12 dole ya faɗa tsakiya cif. Idan ya goce, gogewar duniya ba za ta gyara muryar ba. Shawarata, a wannan ta farko ka sayi wuyan katako da aka riga aka gama. Kamfanin Travis Bean ya yi wuyan alminiyom daga 1974 zuwa 1979, aikin ya yi kyau, amma makaɗa sun yi ta kukan sanyinsa a hannu da nauyinsa a kafaɗa.

Nauyin nan ka ɗauke shi da gaske. Waccan ta 1932 a cinya ake kwantar da ita, taka kuwa rataya za a yi, mutum ya tsaya da ita sa'a biyu. Baƙin ƙarfe ya kusa ninka alminiyom sau uku a nauyi, shi ya sa James Trussart, Bafaranshen da ya yi suna da jitar ƙarfe, yake yin jikin da siririn faranti, cikinsa fanko. Sai dai tsirkiya shida na ja da ƙarfin da ya haura kilo 40, don haka ka dasa katako mai tauri a ciki, daga mahaɗar wuya zuwa ƙarƙashin jaki. Wajen walda kuma, siririn faranti ba ya jure zafi. Ɗiga nan, tsallaka can ka ɗiga, ka bari ya huce. In ka ja wuta a tafi ɗaya zai kantare, kuma ba ya komawa yadda yake. Ka gama, ka bi gefuna da magagari har sai ka shafa da cikin damtsenka ba ka ji kaifi ba, don nan hannun makaɗi zai kwanta.

Saura wadda ta fi damuna. Na'urar ɗaukar sauti maganaɗisu ce da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, wutarta ba ta cutarwa. Haɗarin daga amfilifaya yake zuwa. Jikin ƙarfe idan ka haɗa shi da wayar ƙasa yana rage gurnanin nan da ke ɓata sauti, amma fa makaɗin ya rungumi abin da wuta ke bi. Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Birtaniya, a kan dandali ya rasu a Swansea a 1972, ya taɓa makirufon da ba a haɗa da ƙasa ba. Kai ma ka san soket nawa ne a gidajenmu ba su da wayar ƙasa, balle in an tada janareta.

Don Allah, ɗana, ranar da ka gama, kada murna ta sa ka jona ta nan take. Ka kai jitar da amfilifayar wurin mai gyaran lantarki da ka yarda da shi, ya gwada su da mita a gabanka, sannan ka rataya.